Tanimu Ya Ƙara Wa Mota Gudu Da Bashi

Shekara uku bayan samun mulkin kai, Tanimu yana jan motar haya tsakanin Yamai da Dosso. Tsohuwar mota ce da wani Bature mai komawa gida ya sayar, amma lafiyarta lau. Rabin kuɗinta nasa ne, rabi na yayarsa Tabawa, wadda ta shekara goma tana matsar man gyaɗa tun suna Maraɗi. Gida ɗaya suke a unguwar Bukoki, kuma da motar nan ake ciyar da marayunta uku.

Ƙayar da ta tsaya masa a wuya ita ce Issoufou, wani direba a tasharsu. Ba sa ga maciji da juna. Kullum sai Issoufou ya wuce shi a hanya, ya leƙo ta taga yana ihu: "Ɗan Maraɗi, in aiko maka da jaki ya ja ka?" Fasinjoji su kwashe da dariya, Tanimu ya yi ta cizon leɓe har Dosso.

Ran da abin ya ishe shi, ya nufi garejin Buba, wani makaniki a hanyar Tondibiya. Buba ya saurari kukan injin, ya goge hannu.

"Ciwo babu, ƙarfi ne bai da shi. In buɗe shi, in ƙara masa faɗi, in sa maka karbirato biyu, wallahi ko jirgin sama sai ya yi da gaske. Kuɗi hannu, jika sittin. Bashi kuwa jika casa'in, goma-goma duk wata, ka bar mini takardar mota."

Tanimu ba shi da ko jika ashirin a ajiye. Da ya gaya wa Tabawa, ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Motar tana kai ka Dosso ko ba ta kai ka?"

"Tana kai ni, Yaya."

"To me ya rage? Issoufou ke ba ka tuwo? In ya zama dole, ka tara sittin ɗin ka biya, ka taho da abinka. Talatin ɗin nan ta sama, gadon ubansa ce?"

"Ke me kika sani a harkar mota? Tunkuza kika sani!"

Tabawa ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da girki. Washegari da ta tafi kasuwa, ya buɗe akwatinta ya zare takardar motar. A gareji aka miƙo masa wata takarda da Faransanci, ya dangwala yatsa bai nemi mai karanta masa ba.

Mako biyu mota ta fito tana gurnani kamar zaki. Ranar farko ya wuce Issoufou tun kafin su yi nisa da gari, ya watsa masa daƙƙuwa ta taga. Daɗin da ya ji ranar, ko ranar aurensa bai ji irinsa ba.

Sai dai mota ta koma shan mai ninki biyu, kuɗin fasinja kuwa yana nan inda yake. Mata ƴan kasuwa, waɗanda da su ne cinikinsa, suka daina shiga motarsa. Wata tsohuwa ta ce masa a gaban kowa: "Dosso na biya, ban biya lahira ba."

Wata huɗu yana biyan Buba da kyar. Kuɗin cefane ya ragu, ya ce wa Tabawa hanya ce ba ciniki. Baƙin man injin ya wuce lokacin juyewa, ya ce sai wata mai zuwa. Wata na biyar ya wuce bai kai komai ba, na shida ma haka. Ana cikin wannan, da tsakar rana kusa da Birnin Gaure, injin ya yi wata ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta tsaya cak. Babbar mota ce ta jawo ta zuwa garejin Buba.

Buba ko murfin injin bai ɗaga ba.

"Wata biyu ban ga ƙeyarka ba. Mota ta zama tawa."

"Jika arba'in ɗin da na ba ka fa, ɓarawo?"

"Ɓarawo? Ni na kamo yatsanka?"

Tanimu ya shaƙe masa wuya, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. A kwamisariya, ofishin ƴan sanda, aka karanta masa takardar da Hausa, kalma bayan kalma: wanda ya tsallake wata biyu ya rasa mota, ya rasa abin da ya biya. Aka ƙara masa tara ta cin kwalar mutum.

A nan Tabawa ta same shi, don a kasuwa ta ji labari. Ba ta yi kuka ba.

"Ka shiga akwatina, Tanimu? Gumina na shekara goma ka kai wa ƙato don ka wuce mutum ɗaya a hanya?"

"Yaya, ki yi mini..."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya."

Kafin wata ya mutu ta cire babbar ƴarta daga lakwal, wato makaranta, ta sayar da gado da tukwane, ta ɗaure sauran kaya za ta koma Maraɗi. Tanimu ya bi su tasha, ya sunkuya zai ɗora mata ƙunshi a mota.

"Sauke hannunka daga kayana," in ji ta. Ta ɗauka da kanta, ta tura yaran ciki, ba ta waiwaya ba.

Jama'a, abin da ba dole ba, kada a ci masa bashi. Mai son ƙara wa motarsa ƙarfi ya tara kuɗinsa ya biya hannu da hannu. In bai iya tarawa ba, to bai iya biya ba ke nan. Kuma kada ka sa yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, balle a kan dukiyar da ba taka kaɗai ba.