Kunamar da Ta Harbi Bakanike

"Ba mai tsira wa 'yata allura!" Bakaniken ya daki teburin likita har gwangwanin auduga ya yi tsalle. "Ni an taɓa yi mini riga-kafi? Ga ni nan, ni kaɗai nake ɗaga injin mota!"

Matarsa ta rungume jaririya. Mahaifiyarsa kuwa sai kallon silin take.

Likitar ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ɗan naɗe hannun rigarka na hagu."

Ya naɗe, har da murɗa damtse. Ta nuna wani ɗan tabo. "Wannan fa?"

"Kunama ce ta harbe ni ina jariri, ko kuka ban yi ba. Inna, gaya mata!"

Tsohuwar ta yi gyaran murya. "Ka yi kuka har da fitsari. Satar jiki na yi na kai ka asibiti. Kunamar saboda babanka na ƙirƙiro ta, shi ma haka yake dukan tebur."

Bakanike ya yi tsuru-tsuru. "Inna, shekara talatin ina ba da labarin nan!"

Likita ta buɗe firij. "Ai kunamar tana nan da ranta. A miƙo jaririyar?"

Da hannunsa ya miƙa ta.