Igiyar Gugan Tsohuwa

Ka tambaye ni yadda 'yar halittar nan mai ƙwayar rai ɗaya, wadda ido ba ya gani, take bar wa 'ya'yanta alamomin da ke jikin zarenta na gado. Idan za ta rabu biyu, sai ta kwafi zaren, amma sabon sumul yake fitowa, ba alama. Sai a jera shi da tsohon, duk inda tsohon ke da alama a sa wa sabon. Na ga ka fara hamma, bari in ba ka misali.

Wata tsohuwa ce idonta ya tafi, amma ta ƙi yarda a ɗebo mata ruwa. Kafin mijinta ya rasu ya bi igiyar gugan ya yi mata ƙulle-ƙulle. Idan wannan ƙullin ya zo hannu, guga ya taɓa ruwa. Idan wancan ne, ya kusa baki, sai a sassauta. Da su take gani. Jan ruwan nan shi kaɗai ne aikin da ya rage mata a gidan, shi ya sa take ji da shi. Da igiyar ta tsufa, ɗanta ya ji tsoron kada ta tsinke, ya sayo sabuwa ya ɗaura ba shawara. Niyyarsa mai kyau ce, hankalin ne bai kai ba. Tsohuwa ta zura guga, igiya ta yi ta sulalewa a tafinta ba ta gaya mata komai ba. Ta jawo gugan wayam. Ta sake zurawa, ya bugi bakin rijiya, ruwan ya zube. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai koma ɗaki ta daina fitowa, tuwo ma sai ta taɓa ta ture.

Abin ya dami ɗan ƙwarai. Ya je turken akuya ya kwance tsohuwar igiyar, don da ita ya ɗaure akuyar, ya shimfiɗa ta kusa da sabuwar a tsakar gida, ya kamo hannun uwar ya zaunar da ita. Tana bin tsohuwar da yatsu, duk inda ta tsaya shi kuma ya ƙulla a sabuwar. Da suka kai ƙarshe ta shafa aikinsa, ƙwalla ta zubo mata, ta ce, "Ƙullinka ya fi na mahaifinka kauri, amma wurin ɗaya ne." Washegari maƙwabta suka ji ta a bakin rijiya tana faɗan wa ya bar tulu a buɗe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da na gaba ake gane zurfin ruwa.