Motar Alkasum

"Da wannan tarkacen za ka je Aljeriya?" na tambayi ɗana Alkasum. Mushen motar masu rabon agaji ya jawo bayan gidanmu, wai zai cire injinta ya ɗora kan gangar jikin da zai ƙera da durom.

"Neman aiki zan je, Baba. Fari ya cinye komai."

Na yi tsaki. "Ko akuya ba za ta hau ba. Ranar da ta motsa kuwa, da kaina zan sa jandarmomin shinge su tare ka."

Sahara ta riga ta cinye mini ƙane. Muddin ina jin bugun gudumar Alkasum, hankalina kwance yake.

Ranar Talata tun asuba ake bugu har la'asar. Na zagaya in ƙara yi masa dariya.

Uwarsa Indo na tarar zaune, tana dukan durom da taɓarya.

"Ina sarkin maƙeran?"

Ta share gumi. "Malam, yanzu kam ya wuce shingen Arlit, can hanyar Aljeriya, a motar 'yan kasuwa. Kai dama mota aka bar maka ka yi gadi."