Ruwan Dorival

Rana ta kusa faɗuwa, amma duwatsun Chapada suna ta huci. Iraci ta sauke jakarta a gindin gicciyen da aka kafa inda ƙishirwa ta kashe mijinta, Dorival. Nan za su kwana.

Edvaldo, wanda ya rako ta, ya share gumi. "Iraci, in mun sauka gobe, zan je wurin babanki neman aurenki."

Ba ta dube shi ba. Ta buɗe gorar ruwansu ta ƙarshe, ta shiga tsiyayawa a gindin gicciyen.

"Haba, baiwar Allah! Da me za mu sauka?"

"Har yanzu ƙishi yake ji, Edvaldo. Ina jin sa."

"To, ni fa?" ya ce a hankali.

Ta girgiza gorar. Ko ɗigo bai rage ba.