Asirin Maƙwabciya

Malamar asibiti a Yelwa ta ɗaura igiyar awo a damtsen jikana, igiyar ta tsaya kan launin ja, wai tamowa ce. Na jikan maƙwabciyata kuwa kore shar, ga kumatu kamar fanke.

"Inna, me kuke ba shi?" in ji malamar.

"Kunu mana! Ita waccan asiri take yi."

Na baza zancen har bakin ruwa. Washegari na leƙa ta hudar zana don in kama ta. Ƙananan busassun kifi take dakawa, tana barbaɗa wa yaron a kunu.

"Shigo, Hajiya mai leƙe," ta ce. "Kifin warangin nan ne da kike zubo mini kullum, wai in ba kajina."