Inna Tana da Jarrabawa

"Inna, don Allah karɓi yaron nan, zan makara aiki!"

"Ina da jarrabawa," in ji surukarsa, ko ɗago kai daga littafi ba ta yi ba.

Direban bas ya haɗiye takaici, don shi ya jawo wa kansa. Da aka hana ma'aikata baƙi kawo iyaye a ƙasar wajen da yake aiki, sai ya yi dabara: ya nema wa uwar matarsa gurbin karatu, ta shigo a matsayin ɗaliba. Nufinsa ta zo ta yi musu raino, makarantar suna ce kawai.

Ashe tsohuwa kanta na ja. Ta sayi tabarau, ta ƙwace teburin falo, ta hana kallon ƙwallo a gidan. Shi kuwa dole ya koyi goyo.

Kwatsam doka ta sake juyawa. An soke izinin direbobi baƙi, amma ɗalibin da ya yi zarra zai iya riƙe iyalinsa. Inna ce ta ɗaya a ajinsu.

A ofishin shige da fice, jami'a ta buga wa 'yar Inna da jikanta hatimi. Sannan ta nuna direba, wanda ke ta zufa da jariri a baya.

"Wannan fa, Mama? Kina buƙatarsa?"

Inna ta sauke tabarau, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Surutu gare shi," ta ce, "amma ku bar min shi. Digiri na biyu zan fara, wa zai yi min raino?"