Cokali a Kofi

Malamin lissafi ya same ta tana haɗa shayi a ɗakin malamai. Ya matso, ya rage murya.

"Malama, ina so in turo magabatana. Aurenki nake so."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ranar da iyayen yara suka kawo ƙara, wai 'ya'yansu ba sa gane maganarta don baƙuwa ce, a ɗakin nan shugabar makaranta ta tambayi malamai ko akwai mai tsaya mata. Shi kuwa yana zaune a kujerar bakin taga yana juya cokali a kofi har aka ƙwace mata ajinta. Alhali ita ta riƙe masa darussansa lokacin da yake kwance a asibiti.

"Ban ji ba," ta ce. "Ka san mu baƙi, kunnenmu da nauyi. Ɗaga murya."

"Haba, a nan?"

"A nan ka yi shiru. A nan za ka yi magana."

Ya waiga, ya share gumi, ya maimaita da ƙarfi. Malaman da ke cin abinci a ɗakin suka daina tauna.

"Ikon Allah, ashe Malam yana da baki!" in ji malamar kimiyya.

Har yanzu tana sonsa, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta ja kujerar bakin tagar ta zauna, ta sa cokali a kofi, ta shiga juyawa. Yana tsaye yana jira, kowa na kallonsa.

Da aka kaɗa ƙararrawa ta ɗauki allinta ta wuce ta gabansa. Shayin ko kurɓa ba ta yi ba.